Takalmin hawan tsaunuka a lokacin ƙanƙara: abin da ya kamata a sani kafin a saya

Tsakanin watan Disamba da Maris, wasu daga cikin ɗaliban Nijar, Chadi da Kamaru da ke karatu a Maroko sukan nufi ƙauyen Imlil, a kudancin Marakesh, domin hawa dutsen Tubkal. 'Yan uwansu da ke Grenoble, Lyon ko Turin su ma abokan karatu kan ja su zuwa tsaunukan Alp. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa taka dusar ƙanƙara ba kafin su bar gida. Sanyin da suka sani shi ne na hunturu, wanda rigar sanyi da bargo suke maganinsa.

Sanyin kan tsauni daban yake, kuma a ƙafa yake fara yi wa mutum illa. Wanda bai zaɓi rigar da ta dace ba zai sha wahala ya dawo gida. Wanda bai zaɓi takalmin da ya dace ba yana iya dawowa a yanke masa yatsu, ko kuma santsi ya kwashe shi a wurin da babu abin kamawa. Ga bayani kan ire-iren waɗannan takalma, da yadda ake gwada su, da abin da ake dubawa kafin a biya kuɗi.

Dalilin da ya sa takalmin gari ba ya yi

A ƙa'ida, duk lokacin da aka ƙara hawa mita 1,000, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6.5. Birnin Marakesh bai kai mita 500 daga matakin teku ba, ƙololuwar Tubkal kuwa mita 4,167 ce. Idan ana digiri 15 a cikin gari, a can sama ana iya samun digiri 9 ƙasa da sifili, tun kafin a sa lissafin iska da sanyin asuba.

Idan jiki ya ji irin wannan sanyi, sai ya rage jinin da yake aikawa hannuwa da ƙafafu domin ya kare zuciya da huhu. Ƙafa kuma ita ce ke manne da ƙanƙara tun safe har yamma. Idan ruwa ko gumi ya jiƙa safa, ɗumin da ya rage ma sai ya tsere da sauri.

Saboda haka ana neman abu huɗu daga takalmin ƙanƙara: ya riƙe ɗumi, ya hana ruwa shiga, ya tallafi idon sawu, sannan tafinsa ya yi taurin da zai ɗauki kirampon, wato ƙarfen nan mai haƙora 10 ko 12 da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi domin ya kafe a ƙanƙara. Kambas, takalmin ma'aikatan gini da takalmin sojoji na ƙasashe masu zafi duk ba a yi su domin wannan aiki ba, komai kaurinsu a ido.

Akwai wani abu da ya shafi masu karatu kai tsaye. Bayanan lafiya na sojojin Birtaniya da na Amurka sun nuna cewa sojoji baƙar fata sun fi sauran kamuwa da raunin sanyi a yatsun hannu da na ƙafa. Don haka idan abokin tafiya Bature ya ce wani takalmi ya ishe shi, wannan ba hujja ba ce cewa zai ishi wanda ya tashi a Damagaram ko Garwa. Gara a ɗauki wanda ya ɗan fi ɗumi.

Yadda aka kai ga takalmin yau

Har zuwa shekarun 1930, mahaya tsaunuka a Turai takalmin fata suke sawa, mai ƙusoshi a tafi. A 1935, mutum shida suka mutu a dutsen Punta Rasica da ke tsaunukan Alp bayan da mummunan yanayi ya rutsa da su. Ɗaya daga cikin abokansu, ɗan Italiya Vitale Bramani, ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suke sanye da su. A 1937 ya fito da tafin roba mai zurfin zane, wanda ke kama dutse da dusar ƙanƙara. Daga sunansa aka samo sunan kamfanin Vibram, mai alamar nan rawaya da ake gani a ƙarƙashin takalma da yawa har yau.

Shi kuwa kirampon na zamani, Ba'ingile Oscar Eckenstein ne ya tsara mai haƙora 10 a 1908, maƙerin garin Courmayeur Henry Grivel ya ƙera shi. A 1929 ɗansa Laurent Grivel ya ƙara haƙora biyu masu fuskantar gaba. Waɗannan haƙora biyu su ne suka ba mutum damar fuskantar gangara ya hau ta kai tsaye, kuma su ne suka sa dole tafin takalmi ya yi tauri.

Matsalar ɗumi ta daɗe ba a warware ta ba. Ranar 3 ga Yuni 1950, Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, suka kai ƙololuwar Annapurna a Nepal, mai tsayin mita 8,091, dutse na farko mai sama da mita 8,000 da ɗan Adam ya hau. Takalman fata marasa kauri ne a ƙafafunsu. Dukansu biyu sun rasa yatsun ƙafa, Herzog har da na hannu. Sai a ƙarshen shekarun 1970 takalman filastik masu ruɓi biyu suka yaɗu, sannan aka fara sa tantanin Gore-Tex a cikin kayan hawa dutse. Takalman yau sun fi waɗancan sauƙin nauyi da ɗumi nesa ba kusa ba.

Sassan da ake dubawa

Saman takalmi ana yin sa da fata mai kauri, ko da yadin roba mai ƙarfi, ko a haɗa biyun. Fata ta fi jure gogayya da duwatsu kuma ta fi daɗewa, amma ta fi nauyi, kuma idan ta jiƙe tana jinkirin bushewa. Na yadi ya fi sauƙi, sai dai ya fi saurin tsufa.

A ciki akwai tantani mai hana ruwa shiga amma yana barin tururin gumi ya fita, sannan akwai abin riƙe ɗumi. A lura cewa ba duk takalmin da ke hana ruwa shiga ba ne yake da abin riƙe ɗumi. Akwai na hawan dutse a lokacin bazara masu tauri sosai, amma babu komai a cikinsu da zai tare sanyin Janairu.

A tsakiyar tafi akwai wani faranti na nailan, ko na zaren gilashi, ko na kabon. Shi ne ƙashin takalmin, shi ke ba shi tauri. A kewaye kuma akwai zagayen roba da ke kare fata daga kaifin duwatsu. Daga ƙarshe, a dubi dunduniya da bakin takalmi: wasu suna da ɗan tsagi mai tudu inda kirampon ke maƙalewa. Wannan tsagi shi ne ke nuna irin kirampon ɗin da takalmin zai ɗauka.

Rukunin B da rukunin C

Shagunan Birtaniya sun saba da wani tsari mai sauƙi da ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Ana ba takalmi lamba daga B0 zuwa B3, ana ba kirampon lamba daga C1 zuwa C3. Ba doka ba ce ta wata hukuma, amma tana taimaka wa mai saye.

B0 shi ne takalmin tafiyar daji na yau da kullum. Yana lanƙwasa a hannu, kuma ba a ɗaura masa kirampon.

B1 ya ɗan fi tauri. Yana ɗaukar C1, wato kirampon da ake ɗaurewa da igiya gaba da baya. Ya dace da tafiya a kan dusar ƙanƙara inda gangara ba ta da tsanani.

B2 da ƙyar yake lanƙwasa, kuma yana da tsagi a dunduniya. Yana ɗaukar C2, mai makulli a baya da kwandon roba a gaba. Shi ne takalmin da ya fi dacewa da yawancin masu fara hawa manyan tsaunuka.

B3 ba ya lanƙwasa ko kaɗan, yana da tsagi gaba da baya. Yana ɗaukar C3, mai makulli a baya da sandar ƙarfe a gaba. Da shi ake hawa daskararren ruwa da bangon ƙanƙara a tsaye.

Ƙa'idar ita ce kada lambar kirampon ta wuce lambar takalmi. B3 na iya ɗaukar C1, C2 ko C3, amma B1 ba zai ɗauki C2 ba. Idan aka ɗaura kirampon mai tauri a takalmi mai lanƙwasa, kowane taku yana murɗa ƙarfen har ya kwance ko ya karye, kuma yawanci a tsakiyar gangara hakan ke faruwa.

A shagunan Faransa, Suwizalan, Beljiyam da Maroko ba kasafai ake jin waɗannan lambobi ba. Can ana cewa crampons à lanières ga C1, semi-automatiques ga C2, automatiques ga C3. Takalmin tafiyar daji sunansa chaussures de randonnée, na hawan tsauni kuma chaussures d'alpinisme. Idan mai shago ya ce takalmi cramponnable ne, a tambaye shi da wane irin kirampon.

Mai ruɓi ɗaya ko mai ruɓi biyu

Takalmi mai ruɓi ɗaya shi ne wanda komai nasa ke haɗe wuri guda. Na rukunin B3 mai ɗumi yakan yi nauyin giram 800 zuwa kilo 1 a kowace ƙafa. Ya wadatar ga tafiyar yini ɗaya, ko wadda ake kwana a masaukin da ke da wurin shanya kaya. Wasu sababbi suna zuwa da rufi mai zif wanda ke lulluɓe igiyoyi ya hau har ƙwauri, domin hana dusar ƙanƙara shiga ta sama.

Mai ruɓi biyu yana da takalmin ciki mai laushi da ake zarewa daga na waje. Amfaninsa yana fitowa ne idan za a kwana a tanti dare da yawa. Gumin yini yakan daskare a cikin takalmi da dare. Mai ruɓi biyu sai a zare na cikin a shiga da shi jakar barci, ya bushe da ɗumin jiki, a wayi gari a sa ƙafa a wuri mai ɗumi. Irinsa ake nema a duwatsu kamar Akonkaguwa a Ajantina, mai mita 6,961, da Denali a Alaska, mai mita 6,190.

Akwai kuma na duwatsu masu mita 8,000 kamar Everest, masu rufi har gwiwa. Sayen irin wannan domin Tubkal asarar kuɗi ce. Ƙafa za ta yi ta gumi, nauyi ya gajiyar da mutum, kuma ba zai ji inda yake takawa ba.

Kowane dutse da takalminsa

Kafin a shiga shago, a san dutsen da za a hau da watan da za a hau shi.

Duwatsun yankinmu ba sa bukatar takalmin ƙanƙara. Idukal-n-Tagas a tsaunukan Bagzan na Abzin mita 2,022 ne, Chappal Waddi a kan iyakar Najeriya da Kamaru mita 2,419, Emi Kusi a Tibesti na Chadi mita 3,415. Dare a Abzin da Tibesti yana iya kaiwa sifili ko ƙasa da haka a lokacin ɗari, amma ƙasa busasshiya ce. Takalmin B0 ko B1 mai rufe idon sawu da safa mai kauri sun isa. Haka ma dutsen Kamaru da ake hawa daga Buea, mai sama da mita 4,000. Can abin da ke cin takalmi shi ne kaifin duwatsun aman wuta da ruwan sama.

Kilimanjaro a Tanzaniya, mai mita 5,895, ana hawansa ta hanyoyin da aka saba ba tare da kirampon ba a mafi yawan lokuta. Sai dai da tsakar dare ake tashi zuwa ƙololuwa, cikin sanyin da ke ƙasa da sifili sosai. Ana son takalmin B1 mai hana ruwa, mai sararin safa mai kauri.

Tubkal a lokacin bazara tafiya ce a kan tsakuwa. Daga kusan Nuwamba zuwa Afrilu kuwa dusar ƙanƙara ke rufe hanyar, musamman daga masaukin da ke kimanin mita 3,200 zuwa sama. A wannan lokaci ana bukatar kirampon da gatarin ƙanƙara, da takalmin B1 mai tauri ko, mafi kyau, B2. Tun bayan 2018 hukumomin Maroko suka wajabta tafiya da ɗan jagora a wannan hanya.

Ƙololuwar Margherita a tsaunukan Ruwenzori, kan iyakar Yuganda da Kwango, mita 5,109 ce kuma tana da ƙanƙara duk shekara. A ƙasa ana tafiya cikin taɓo da takalmin roba, a sama a koma B2 da kirampon.

Mont Blanc, mai kimanin mita 4,800, yana bukatar B2 mai ɗumi ko B3 ko da a watan Yuli. A lokacin sanyi a tsaunukan Alp, B3 mai ɗumi shi ne mafi ƙaranci. Ga ɗaliban da ke Rasha masu niyyar Elbrus, mai mita 5,642, 'yan jagora da yawa mai ruɓi biyu suke ba da shawara.

Yadda ake gwaji

Takalmi mai tsada da bai dace da ƙafa ba ya fi mai araha da ya dace hatsari. Idan ya matse, jini ba zai zagaya ba, yatsu su daskare. Idan ya yi yawa, dunduniya za ta riƙa zamewa, bororo ya fito, kuma mutum ba zai iya tsayawa daram a kan haƙoran gaba ba.

A je shago da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, domin haka take kumbura a kan dutse. A tafi da safar da za a yi tafiyar da ita. A auna ƙafa biyun a tsaye, a bi wadda ta fi girma. Lambar takalmi ta Turai kowace ɗaya kashi biyu cikin uku na santimita ce, wato ƙasa da milimita 7, don haka rabin lamba ma yana da tasiri. Yawanci akan ƙara rabin lamba ko lamba ɗaya a kan takalmin gari.

A zaro shimfiɗar ciki a taka ta. Ya kamata a ga sararin kimanin santimita 1 zuwa 1.5 a gaban yatsa mafi tsawo, kuma gefen ƙafa kada ya zubo waje. Sannan a sa takalmin a ɗaure shi sosai, a daki bango ko matakala da bakinsa sau uku ko huɗu. Idan yatsu suna bugun gaba, ya yi kaɗan. Wanda ya yi sa'o'i yana saukowa daga dutse da irin wannan takalmi farcensa zai yi baƙi ya fita.

Bayan haka a ɗora bakin takalmi kawai a gefen matakala, a ɗaga jiki. Dunduniya kada ta tashi fiye da 'yan milimita. A yi tafiya a cikin shago aƙalla minti 15, a hau a sauka. Duk inda aka ji matsi a shago, a kan dutse ninkuwa zai yi. Takalmin B2 da B3 ba sa buɗewa da sawa kamar takalmin fata na gari, don haka kada a saya da fatan zai saki.

Faɗi ma abin lura ne. Wanda ya girma da silifa da takalmi buɗaɗɗe sau da yawa gaban ƙafarsa ya fi faɗi. Kowane kamfani da irin ƙirarsa. Masu saye da dama sun lura cewa wasu takalman Italiya, irin na La Sportiva, sun fi siranta, na kamfanonin Jamus irin su Lowa, Hanwag da Meindl kuma sukan fi yalwa. Wannan ba tabbas ba ne ga kowane samfuri, saboda haka a gwada aƙalla kamfani uku. Mata su nemi ƙirar mata, wadda dunduniyarta ta fi tsukewa. Idan akwai kirampon a gida, a tafi da shi a ɗaura a gani.

Safa da ɗauri

Safar auduga tana shan gumi ta riƙe shi, don haka ba a hawa ƙanƙara da ita. A nemi ta ulu, ko ulu haɗe da zaren roba. Safa ɗaya mai kauri ta isa, ko a sa wata siririya a ƙarƙashinta. Cusa safa uku a takalmin da aka auna da ɗaya kuskure ne da sababbi suka cika yi: matsin yana tare jini, ƙafa ta fi yin sanyi. A riƙe busasshiyar safa ta biyu a cikin leda a jaka.

A wajen hawa, a sassauta igiya a kan yatsu, a tsuke ta a idon sawu. Kafin a fara saukowa, a sake tsukewa domin kada ƙafa ta zame gaba. Mai yin alwala a kan dutse ya tsane ƙafarsa sarai, har tsakanin yatsu, kafin ya mayar da safa. Hukuncin shafa a kan huffi da na taimama a irin wannan hali abu ne da ya kamata a tambayi malami kafin tafiya.

Farashi, haya da gwanjo

A kasuwannin Turai, sabon takalmin B2 yakan kama daga kimanin Yuro 200 zuwa 400. Na B3 mai ɗumi yana kaiwa Yuro 400 zuwa 600, mai ruɓi biyu ya wuce haka, na Everest kuma yana kusan Yuro 1,000 ko fiye. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, takalmin Yuro 300 ya tasam ma sefa 197,000, na Yuro 500 kuma sefa 328,000.

Wanda zai hau dutse sau ɗaya kawai, haya ta fi masa. A Chamonix shaguna da yawa suna ba da hayar takalmi da kirampon, a Imlil ma ana samun kirampon da gatari. A gwada takalmin haya kamar yadda za a gwada na saye, kuma a karɓe shi kwana ɗaya kafin tafiya domin a samu damar canzawa.

Wanda zai saya ta intanet a cikin Tarayyar Turai yana da haƙƙin mayar da kaya cikin kwana 14. Sai ya gwada a cikin ɗaki kawai, kada ya fita da shi waje. Wanda ke Yamai, Injamena ko Yawunde kuma ya aika a sayo masa, mayarwa za ta yi wuya. Ya aika da tsawon ƙafarsa da faɗinta a santimita, ba lambar takalminsa kaɗai ba.

A kasuwannin gwanjo, waɗanda a Nijar ake kira bosho, akan ci karo da takalman hawa dutse masu kyan gani a farashi mai sauƙi. A nan akwai tarko. Tsakiyar tafin takalma da yawa an yi ta da wata roba mai suna poliyuretan, wadda danshi da zafi ke rugurguzawa a hankali ko da ba a sa takalmin ba. Takalmin da ya shekara bakwai ko goma a ajiye yana iya zama kamar sabo, a yi tafiyar sa'a biyu tafinsa ya ɓalle gaba ɗaya. A danna tsakiyar tafin da farce. Idan ta farfashe, ko tana danƙo, ko akwai tsaga a gefe, a bar shi. A duba tsagin dunduniya ko ya cinye, a zuba ɗan ruwa a kan fatar a gani ko tana sha. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Sabawa da kulawa

Ba a fara sa sabon takalmi ranar hawa. A yi makonni biyu ko uku ana sa shi a gida, a matakala, sannan a ɗan yi tafiya da jaka a baya. Tafi mai tauri yana sauya yadda mutum ke taku, sha-raɓa da ƙwauri sai sun saba. Inda aka ji yana gogar fata, a manna filasta tun kafin bororo ya fito. A yanke farce kafin tafiya.

Bayan an dawo, a wanke laka da ruwa da buroshi, a zare shimfiɗar ciki, a cusa takardar jarida ta tsotse danshi. Kada a kanga takalmi a wuta ko a ɗora shi a kan na'urar ɗumama ɗaki, domin zafi yana sakin gam yana busar da fata. A ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, ba a cikin leda ba, ba kuma a ɗakin kwano mai zafi ba. Idan zanen tafi ya cinye amma saman yana da kyau, masu gyaran takalman dutse a Turai suna sauya tafi a kuɗin da bai kai na sabo ba.

Alamomin daskarewar yatsu

Ko da takalmi mai kyau, sai an riƙa lura. Da farko yatsu suna zafi da tsikari. Idan zafin ya ɗauke, mutum ya daina jin yatsunsa, lamarin ya ƙara muni ke nan. A fata mai duhu sauyin launi ba ya saurin bayyana. Wurin yakan yi toka-toka ya yi tauri. Saboda haka rashin ji shi ne alamar da za a fi dogara da ita. A riƙa motsa yatsu a cikin takalmi, a sha ruwa, a ci abinci, a guji taba sigari domin tana tsuke hanyoyin jini. Idan an motsa na ɗan lokaci ji bai dawo ba, a juya. Dutsen yana nan, ana iya dawowa wata shekara.

Idan yatsu sun daskare, kada a murza su, kada a goga musu dusar ƙanƙara, kada a kanga su a wuta. Likitoci suna narkar da su ne a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39. Ba a narkarwa idan akwai yiwuwar su sake daskarewa kafin a isa masauki, domin daskarewa ta biyu ta fi ɓarna. A nemi asibiti da gaggawa, saboda magungunan da ke ceton yatsu sun fi aiki a sa'o'in farko. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar neman agaji ita ce 112. Masu ciwon suga da masu amosanin jini, har da masu ɗauke da ƙwayarsa kawai, su ga likita kafin su shirya hawa dutse mai tsayi.

A 'yan shekarun nan, likitoci da masu aikin sa kai a garin Briançon na Faransa sun karɓi matasa da dama 'yan Afirka ta Yamma da suka tsallako daga Italiya da dare ta mashigin Montgenèvre da na Échelle, sanye da kambas. An yanke wa wasu yatsu ko ƙafa, wasu sun rasu a hanya. Waɗannan mashigai ba su kai mita 2,000 ba, ƙasa da rabin tsayin Tubkal. Takalmi mai kyau yana rage hatsarin sanyi, amma ba ya hana ɓata hanya cikin duhu ko zaftarewar dusar ƙanƙara. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba ya fara da ɗan jagora mai lasisi ko ƙungiyar mahaya tsaunuka ta garin da yake, ya koyi taku da kirampon a wuri mai sauƙi, sannan ya nufi sama.